Bindigar Baba Tsoho da Ta Koyi Shuri

Tun ranar da aka koma lakwal, aka ci gaba da karatu bayan hutu, ba ku bar ni na huta ba. Zalika ta je Yamai wurin yayarta, Hadiza ta je Kano biki, amma ni da ban wuce Jiratawa da Tsibiri ba, ni ake tsarewa a bakin fanfo da tambaya. Har wata ta ce na harba bindiga. Ban harba ba, ko kunamarta ban taɓa ba. Kun san idan mutane suka wuce biyu a gabana magana maƙale mini take yi a wuya, shi ya sa na ga gara in rubuta, kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita.

Kakana, mahaifin Babanmu, a Jiratawa yake. Muna ce masa Baba Tsoho. Manomi ne, kuma maharbi tun yana saurayi. Yana da bindiga irin ta gargajiya, doguwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Yanzu babu wani dajin kirki kusa da su, sai ta koma ta korar tsuntsaye a gonakin rani, wani lokaci kuma ya samo zomo. Idan tsuntsaye suka dami maƙwabta, shi suke kira.

Ana saura kwana uku a ba mu hutu Iya, matarsa, ta sa aka kira Baba a waya. Ta ce bindigar ta fara shurin tsohon, sau biyu tana kai shi ƙasa. Baba ya yi shawara da ƙannensa, suka tsayar da magana cewa a je a karɓo bindigar a kawo ta birni a kulle. Da yake shi ne babba, shi aka ɗora wa aikin. Ni kuma ya ce in shirya mu tafi tare, saboda sunan mahaifiyar Baba Tsoho aka sa mini.

"In kina wurin ba zai kore ni ba," in ji Baba. Ya yi dariya, amma na ga duk hanya yana juya hularsa a kan gwiwa.

Daga unguwarmu Sabon Gari, nan Maraɗi, muka hau adaidaita zuwa tasha, muka shiga wata ƙaramar mota da aka cusa mu takwas. Mamanmu ta ba ni burodin sanda guda uku in kai wa Iya, na soke su a jaka na ajiye tsakanin ƙafafuna. Ban san akwai akuya a ƙarƙashin kujera ba. Ina ta jin ana jan jakar a hankali, na ɗauka ƙafar matar da ke kusa da ni ce, kunya ta hana ni dubawa. Da muka sauka sai na tarar kowane burodi an cinye masa kai. Mai akuyar ta ce, "Ayya ɗiyata, ai da kin yi magana." Baba ya ce mata, "Wannan ko ita akuyar ta fara ci ba za ta yi magana ba."

Mun tarar da Baba Tsoho zaune a zaure yana gyaran igiya. Abin da na fara lura da shi, da hannun hagu yake komai. Na damansa yana kwance a cinya riƙe da carbi, kuma carbin ba ya motsi. Da Baba ya tsuguna ya gaishe shi, sai ya amsa a taƙaice, ya juyo wurina.

"Uwata, ke ma an taho da ke kamun tsoho?"

Na sunkuyar da kai na ce zogale na zo taya Iya tsinka.

"To madalla. Zogale dai ba ya shuri."

Cikin gida Iya ta yanke wuraren da akuya ta ci, ta ce sauran ai halal ne. Ta kawo mana dambu da zogale da ƙuli da fura mai sanyi daga randa. A gidanmu zogale ƙulli-ƙulli ake sayo shi, Mamanmu tana mitar ya yi kaɗan. A can kuwa tuli guda ne a tsakar gida, har awaki suna ci babu mai korar su. Ruwa kuma ba a jiran a kawo fanfo kamar mu, yana gudana ne a kwalbatin siminti tsakanin gonaki, kowane manomi da ranar da ake buɗe masa. A ɗakin Iya aka sauke ni, kan gadon kara, da wata kaza mai kwanci a ƙarƙashinsa. Iya ta ce kada in damu, kazar ta fi ni kunya.

Da la'asar na ga kafaɗar. Iya ce ta sa shi ya cire riga za ta shafa masa man kaɗe. Wurin ya yi baƙi, gefe-gefensa kore da rawaya, faɗinsa ya kai tafin hannuna biyu. Baba ya kalla sau ɗaya ya kawar da kai. Iya tana shafawa tana cewa ita dai ta san baki ne, tun da mutane suka fara yabon tsohon a kan har yanzu hannunsa bai rawa.

"Ba baki ba ne," in ji Baba Tsoho. "Bindigar ce ta sake hali. Shekara nawa muna tare ba ta taɓa yi mini haka ba."

Baba ya ce a hankali, "Baba, ko dai ƙarfin ne ba kamar da ba?"

Iya ta rufe kwalbar man.

Washegari da sassafe Baba Tsoho ya ce mu bi shi gona, Baba ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci. Ya tsaya a kan kunya kusa da masara, ya dafa gindin bindigar a ƙasa. Ya zuba albarushi daga wani ƙaho, ya tura tsumma, sannan ya zaro sandar ɗuri daga ƙarƙashin bindigar, wato siririn ƙarfen da ake danna ɗurin da shi. Sandar sabuwa ce tana ƙyalli, ba ta yi kama da sauran jikin bindigar ba.

"Babanki ya yo mini ita a birni, da tsohuwar ta karye," ya gaya mini. "Kin ga wani lokaci yana da amfani."

Ya soka sandar a bakin bindigar, ya jera yatsunsa a jikin abin da ya rage a waje. Ya ce haka ake awo tun kakanni. Yawan abin da sandar ta leƙo, shi ne yawan ɗurin da ke ciki. Ya ga yatsa biyu, ya ƙara albarushi har ta kai uku. "Yatsa uku nike yi tun kafin a haihi ubanki. Ban taɓa ƙarawa ba."

Muka ja baya. Ya ɗaga bindigar, kuma na ga abin da ban taɓa gani yana yi ba. Bai manna gindinta a kafaɗa ba, ya ɗan bar tsakani, kuma ya runtse ido tun kafin ya ja kunama. Ƙarar ta sa kunnena ya toshe. Tsuntsaye suka tashi kamar hayaƙi. Da hayaƙin gaske ya washe sai ga Baba Tsoho zaune a cikin laka, hularsa a cikin kwalbati ruwa yana tafiya da ita. Ni na bi hular. Na daɗe ina matse ta, don ba na son in juyo in ga ana ɗaga shi.

A zaure Baba ya ce magana ta ƙare. Baba Tsoho ya ce ba ta ƙare ba, sai an kai bindigar Tsibiri wurin Nomau, maƙerin da mahaifinsa ya ƙera ta. Idan Nomau ya duba ya ce lafiyarta lau, to laifin tsufa ne, Baba ya wuce da ita gida daga can. Idan kuwa ya sami ciwo a jikinta, kada wanda ya sake ɗaga maganar. Baba ya yarda.

Iya ta naɗe bindigar a tabarma ta ɗaure da igiya. Sandar ɗurin tana ta zamowa tana huda tabarmar, sai ta zare ta ta ba Baba ya riƙe a hannu. Ta ce mini kada in kuskura in tsallake tabarmar ko da a mota ne, mace ba ta tsallake kayan maharbi. Na tambaye ta me ke faruwa idan an tsallake. Ta ce ita ma ba ta sani ba, ba ta taɓa gwadawa ba.

Daga Jiratawa zuwa Tsibiri sai an ratsa ta Maraɗi. A shingen shiga gari wani jandarma ya leƙo ya tambayi abin da ke cikin tabarmar. Baba ya fara bayani da Faransanci, amma Baba Tsoho ya riga ya ciro takardar bindigar daga wata leda da ya naɗe a cikin wata ledar. Jandarman ya karanta, ya dube shi, ya ce, "Baba, ina za a kai ta?" Ya ce, "Likita." Jandarman ya yi dariya ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Abin ya yi mini wani iri, in ratsa garinmu kamar baƙuwa. Mun wuce ta bakin layinmu, har na hango butik ɗin da nake sayen sabulu, ban sauka ba. Baba Tsoho kuwa ba abin da ya burge shi. Ya ce mutanen birni kowa gudu yake kamar an biyo shi. A tashar motocin Tsibiri, kafin mu bar gari, Baba ya saya mana ruwan leda mai sanyi. Tsohon ya ciji ledar da ƙarfi, ruwan ya feshe masa gaban riga. Ya ce, "Kun gani, ruwan ma na garinku shuri yake."

Mun isa Tsibiri kafin azahar. Maƙerar Nomau tana bayan gari, wata rumfa ce mai baƙin rufi kusa da rumbunan gero. A bakin ƙofa akwai wata ƴar tukunya a kife da gashin kaza fari a manne, Baba ya ce mini in bi ta gefe. Nomau yana bin al'adar kakanninsa ne, ba ya salla. Gajere ne, da layu a damtse, hannayensa duk tabon wuta. Yana ganin Baba Tsoho ya ajiye guduma.

"Kai, ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni, in ga wa za ya gaji tsummokaranka."

Suka riƙe hannu suka daɗe ba su saki ba. Da aka kira salla matar Nomau ce ta kawo wa su Baba buta da tabarma ba tare da an tambaye ta ba, ni kuma ta ja ni ciki ta ba ni tuwon gero da miyar kuka. Ta tambaye ni ajin da nake, na gaya mata, ta ce a shekaruna ita har ta iya saƙar faifai mai launi uku. Ni dai sai na ƙara tuwo.

Bayan salla aka kwance tabarmar. Nomau ya cire ƙarfen daga jikin itacen, ya wanke cikinsa da tsumma a kan wani dogon ƙarfe nasa, ya ɗaga shi saitin rana ya leƙa. Ya ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma daga sama har ƙasa yana saurare. Ya duba kunama, ya duba itacen. Ya daɗe sosai, har na gane ya gama tun ɗazu, yana dai neman abin da zai ce ne. A ƙarshe ya mayar da komai ya ɗaure.

"Abokina," ya ce, "ƙarfen ga lahiya tai. Babu tsaga, babu lanƙwasa. Da na samu ko ƙanƙane da na hwaɗa."

Baba Tsoho ya gyaɗa kai. Ya ce, "To." Ya ciro carbinsa. Bai dubi kowa ba.

Baba ya karɓi bindigar, ya mayar da sandar ɗurin mazauninta, ya jingina ta a bango don ya shimfiɗa tabarmar naɗi. A bangon akwai wasu bindigogi huɗu da aka kawo gyara. Ni dai ina zaune a kan turmi ina kallonsu, saboda ba na iya kallon fuskar kakana. A nan na ga abin. Kowace a cikin huɗun, kan sandarta ya zo daidai da bakin bindigar. Ta Baba Tsoho kuwa sandar ta tsaya a ƙasa, ba ta kai ba. Kuma a jikin ƙarfen, sama da inda ta tsaya, akwai wani siririn layi mai haske inda tsohuwar sandar ta goge shi shekara da shekaru, har zuwa baki.

Maza uku manya, ni kuma ko a aji ba na ɗaga hannu. Na ce a raina wataƙila ba komai ba ne, za su yi mini dariya. Baba ya riga ya miƙa hannu zai ɗauki bindigar. Na ja gefen rigarsa na ce, "Baba, sandar ba ta kai ba."

"Me?"

"Ta fi sauran gajarta."

"Bari, ba yanzu ba," in ji shi.

Amma Nomau ya ji. Ya ce, "Ɗiyar ga mi ta ce?" Ya taso ya dubi bangon. Ya zaro sandar, ya sake ta a cikin bindigar da babu komai a ciki. Ta shige gaba ɗaya ta ɓace, muka ji ta ce ƙwal a ƙasa. Ya soka ɗan yatsansa a bakin yana laluben kanta, sannan ya fito da shi ya nuna wa Baba Tsoho.

"Yatsa biyu babu. Kai kana ganin uku a waje, biyar ka ɗura. Ɗurin ga ko saurayi ya ɗauka sai ya zauna. Wa ya yanke sandar ga?"

Sai Baba ya ce shi ne. Ya ce da tsohuwar ta karye ya kai wa mai walda a Sabon Gari, aka haɗa guntayen biyu aka auna aka yanka sabuwa. Bai san akwai guntu na uku da ya faɗi a gona ba. Nomau ya ce laifinsa ne shi ma, da aka miƙo masa bindiga babu sanda bai tambaya ba. Baba Tsoho kuwa dariya ta kama shi, yana yi yana dafe kafaɗa saboda zafi.

"Wata shida ɗana yana harbina," ya ce, "kuma ya zo kama ni."

Baba bai yi dariya ba. Ya tsuguna a gabansa a cikin tokar maƙera da farar shaddarsa, ya ce, "Baba, ka yafe mini." Tsohon ya ce, "Tashi, kana ɓata riga. Don ka faranta mini ka yi."

Nomau ya hura wuta ya ƙera wata sandar, ya gwada ta sau uku a bindigar har kanta ya zo daidai da baki. Bai tsaya nan ba. Ya yanko fata, ya cusa mata audugar rimi, ya ɗinke ta a gindin bindigar kamar ƙaramin matashi. Baba Tsoho ya ce shi ba jariri ba ne. Nomau ya ce jariri ai ya fi shi, ƙashinsa sabo ne. Sai na ji bakina ya sake buɗewa, na ce da safe na ga bai manna ta a kafaɗa ba.

Nomau ya ce, "Ka ji. Ta ba ka tsoro ka fara gudunta. In ka ba ta wuri sai ta taho da gudu ta same ka. Rungume ta, ka sa ƙahwar hagu gaba, ka ba ta nauyinka. Ni zan koya maka wannan?"

"Uwata ta tona ni," in ji Baba Tsoho.

Da rana ta yi sanyi muka fita bayan rumbuna, inda babu kowa sai gonakin da aka girbe. Nomau ya ce saboda kafaɗar ba ta warke ba, yatsa biyu za a yi yau. Baba Tsoho ya ɗura, ya auna, ya nuna wa Baba yatsun kafin ya ɗaga. Na toshe kunnena amma ban rufe ido ba. Ya sa ƙafa gaba, ya ja gindin ya manna sosai, na ga ya cije leɓe da fatar ta taɓa ciwon. Ya harba. Kafaɗarsa ta ɗan koma baya ta dawo, shi ke nan. Hularsa ma ba ta motsa ba. Ya sauke bindigar a hankali ya tsaya yana kallon hayaƙin har ya watse.

A Maraɗi muka rabu. Baba ya so kakana ya kwana a gidanmu, tsohon ya ce a'a, gobe ranar ruwansa ce a gona, kuma Iya tana jira ta ji ko baki ne ko ba baki ba. A tasha, kafin motar Jiratawa ta cika, ya zauna a gaba da tabarmar a tsaye tsakanin gwiwoyinsa. Baba ya tafi sayo burodin da za a kai wa Iya a madadin wanda akuya ta ci. Baba Tsoho ya kira ni kusa da taga.

"Uwata, kin ga komai yau, to bari in ƙara miki ɗaya. Ko yatsa biyun nan na ji su har cikin ƙashi. Ba sandar kaɗai ba ce."

Baba ya dawo da burodin, ya miƙa ta taga. Tsohon ya karɓa, ya dube shi.

"Ka gaya wa ƙannenka su kwantar da hankali," ya ce. "Ba za ta daɗe a hannuna ba. Amma ranar da zan aje ta, ba sai an aiko kowa ba. Ni zan hawo mota in kawo maka ita har gida."

Baba ya ce, "Allah ya kai mu, Baba." Direba ya tayar da mota. Muka tsaya har ta fita daga tasha, sannan Baba ya kakkaɓe tokar da ke gwiwar wandonsa, muka taka zuwa gida a ƙasa.